Yadda matashin ɗan mishan na Mormon zai tafiyar da rayuwarsa ta yau da kullum a ƙasar waje

Saurayin da ya amsa kiran aikin bishara a Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkaka na Kwanakin Ƙarshe, wadda jama'a suka fi sani da cocin Mormon, zai shafe wata 24 bai kwana a gidansu ba, budurwa kuwa wata 18. Ba shi ne zai zaɓi ƙasar da za a tura shi ba. Bayan bishof ɗinsa, wato shugaban majami'arsu, da shugaban gundumarsa, wanda ke kula da majami'un yankin, sun gana da shi, likita ya duba lafiyarsa, an kuma aika takardunsa zuwa hedikwatar ikilisiyar a birnin Salt Lake da ke jihar Utah ta Amurka, ɗaya daga cikin manyan shugabannin ikilisiyar da ake kira manzanni goma sha biyu ne zai ware masa wurin da zai yi aiki. Tun da shugaban ikilisiyar na wancan lokaci, Thomas S. Monson, ya rage shekarun fita a watan Oktoba na 2012, samari da yawa suna tafiya ne suna da shekara 18, wasunsu ba su taɓa raba kuɗin abinci ya kai su ƙarshen wata ba, balle su zauna da baƙon mutum a ɗaki ɗaya dare da rana.

Abin da ya fi gajiyar da ɗan mishan a ƙasar waje ba tsayawa gaban mutane ya yi wa'azi ba ne, domin wannan ana koyonsa cikin 'yan makonni. Abin da ke karya shi ko ya tsayar da shi ƙananan al'amura ne na kullum: barci, ruwan sha, takalmi, harshen da bai zauna a bakinsa ba, da abokin aikin da bai zaɓa ba. A kansu wannan bayani zai tsaya. Zan yi magana da kai a matsayin namiji, amma kusan duk abin da zan faɗa ya shafi 'yan mata ma.

Kafin ka tashi

Takardar kira tana zuwa da jerin kayan da mishan ɗinka, wato yankin aikin da aka tura ka ƙarƙashin shugaba ɗaya, ke buƙata, kuma wannan jeri ya fi shawarar duk wani mai son ka, saboda abin da ake sawa a Finland cikin hunturu ba shi ake sawa a Manila cikin damina ba. Ka nemi fasfo da wuri, ka kammala allurar rigakafi, ka adana katin rigakafin cutar shawara tare da fasfo idan ƙasar da za ka shiga tana neman sa a filin jirgi. Idan akwai abu ɗaya da bai kamata ka yi wa rowa ba, to takalmi ne. Ka sayi guda biyu masu ƙarko, ka fara yawo da su tun kana gida har su saki, sannan a can ka riƙa sauya su kullum. Ranar da ruwan sama ya jiƙa ɗaya, ka cusa masa tsohuwar takarda ya kwana ta tsotse damshin, ka fita da ɗayan. Wanda ya raina wannan zai yi makonninsa na farko yana ɗingishi da ƙurji a dunduniya, alhali aikin kusan duka tafiya ce. Ka kuma koyi girki kala uku ko huɗu masu sauƙi, da guga, da ɗinke maɓalli, tun kafin ka rabu da masu koya maka.

Ba a biyan ɗan mishan albashi. Shi da iyalinsa, wani lokaci da taimakon 'yan majami'arsu, su ne ke ba da gudummawar kowane wata. Tun farkon shekarun 1990 ikilisiyar ta daidaita wannan kuɗi ga masu fitowa daga ƙasashe irin su Amurka da Kanada, ta yadda wanda aka tura birni mai tsada kamar Tokyo da wanda aka tura ƙauye mai araha duk abu ɗaya za su biya, sannan ofishin mishan ya biya kuɗin haya ya kuma saka wa kowa kuɗin abinci da na mota gwargwadon tsadar wurin. Ma'anar wannan ita ce kuɗin da ke shiga katinka amana ce ta aikin, ba na sayen tsaraba ba ne.

Daga nan sai cibiyar horar da 'yan mishan. Mafi girma tana Provo a jihar Utah, akwai kuma wasu a birnin Meziko, da São Paulo, da Manila, da Accra, da Preston ta Ingila. Wanda zai yi aiki da harshen da ya riga ya iya makonni biyu zuwa uku kawai zai yi, mai koyon sabon harshe kuwa yakan yi shida zuwa tara. Idan bizarka ta yi jinkiri aka ajiye ka a wani mishan na wucin gadi, kada ka ɗauki zaman a matsayin jiran mota. Mutanen da za ka tarar a wurin ba na wucin gadi ba ne, kuma sun cancanci cikakken hankalinka.

Tsarin yini

Jadawalin da aka daɗe ana bi shi ne tashi da ƙarfe 6:30 na safe da kwanciya da ƙarfe 10:30 na dare. A watan Janairu na 2017 aka ba shugabannin mishan damar daidaita sa'o'in da yanayin ƙasa, saboda haka inda mutane ke sammako kuma gari ke yin tsit da zarar duhu ya yi, za ku tashi da wuri ku dawo da wuri, inda kuwa ake hira har dare ya raba, kamar wasu sassan Latin Amurka, sai a jinkirta duka biyun. Ko yaya aka juya sa'o'in, abin da ke ciki bai canza ba: addu'a, motsa jiki na kimanin rabin awa, wanka da karin kumallo, tsara yini, karatun kai, karatu tare da abokin aiki, nazarin harshe, sannan fita har dare da hutun cin abinci a tsakani.

Karatun safe shi ne wurin da mutane da yawa ke yin asara ba su sani ba. Mai karanta Littafi Mai Tsarki da Littafin Mormon, wanda shi ma ikilisiyar ke ɗauka a matsayin nassi, don kawai ya cika awa zai tashi da kai fanko, amma wanda ya buɗe littafi da sunan wani a ransa zai tashi da abin da zai kai masa. A ce jiya da yamma wani magidanci da ya binne 'yarsa watanni biyu da suka wuce ya tambaye ku inda take yanzu, kuka ba shi amsa a gaggauce. To, karatunka na yau nasa ne. Ka nemo ayoyi biyu, ba goma ba, ka rubuta jimlolin da za ka faɗa da harshensa, ka gwada su a gaban abokin aikinka, ka kuma tanadi tambayar da za ta sa shi ya yi magana a kan yarinyar da kansa, domin mai yiwuwa abin da ya fi buƙata ke nan.

Wajen tsara yini kuwa, ka sa a ranka cewa alkawura da yawa za su rushe. Za ku yi tafiyar rabin awa ku tarar da ƙofa a kulle, ko a ce muku mai gidan ya fita. Saboda haka kowace awa ta kasance da shiri na biyu a bayanta, kuma shirin ya zama kusa da na farko: wane ɗan ikilisiya ne ke zaune a wannan layi, wace tsohuwa ce ta daina zuwa sujada saboda ciwon ƙafa, wane ne ya karɓi littafi a hannun waɗanda suka riga ku. Yinin da ba shi da shiri na biyu yakan ƙare a yawo marar kan gado, kuma irin wannan yawo ne ke haifar da kasala da gunaguni.

Zama da abokin aiki

Doka ce ku kasance biyu a kowane lokaci, inda kowa zai ga ɗan'uwansa ya kuma ji muryarsa, in ban da shiga banɗaki da ganawar sirri da shugaban mishan. Ɗaki ɗaya za ku kwana, kowa da gadonsa. Tushen wannan tsari yana cikin Markus 6:7, inda Yesu ya aiki almajiransa biyu-biyu, kuma amfaninsa a bayyane yake: kariya ce daga haɗari, daga jaraba, da kuma daga ƙazafi, domin duk abin da aka ce ka yi akwai mai shaida. Amma kada a ɓoye maka, wannan ita ce doka mafi nauyi a aikin. Ko ma'aurata suna rabuwa da safe kowa ya tafi harkarsa, ku kuwa ba ku da wannan sararin.

Abokin aikinka na farko mai horar da kai ne, kuma za ku yi kimanin makonni 12 yana nuna maka hanya. Wataƙila watanni kaɗan ya girme ka a aikin, wataƙila ma ka girme shi a shekaru, duk da haka ka saurare shi, domin ya san motar da ke zuwa unguwar da kuke aiki, ya san gidan da kare ke cizo, ya san yadda ake gaishe da tsofaffin wurin. Bayansa za ka zauna da mutane iri-iri. Wani zai zama amininka har tsufa, wani kuwa tafiyarsa, da minsharinsa, da yadda yake barin kwano a wurin wanke-wanke duk za su riƙa ci maka rai. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma ba a taɓa jin biyun da suka tsira daga wannan ba. Abin da ke raba masu nasara da sauran shi ne lokacin da suke buɗe baki. A zaman tsara mako akwai wani ɓangare da aka keɓe domin ku biyu ku tattauna zamanku, kuma bai kamata ku tsallake shi don kunya ba. Ka fara da abin da ka gani na kirki a wurinsa, ka faɗe shi dalla-dalla ba yabon baki ba, sannan ka kawo abu ɗaya da ke damun ka, ka bayyana yadda yake shafar ka ba tare da ka yanke masa hukunci a kan halinsa ba. Bayan haka ka tambaye shi abin da kai ma za ka gyara, ka yi shiru ya gama ko da maganar ta yi maka ɗaci. Damuwar da aka faɗa a makon farko da murya ƙasa-ƙasa ba ta kai wa ga ihun mako na biyar.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, kuma ina ganin ya fi sauran muhimmanci. A tsakiyar 2024 yawan mishan ɗin ikilisiyar ya kai 450, kuma ana haɗa matasa daga ƙasashe masu bambancin arziki ƙwarai a ɗaki ɗaya. Ɗaya yana samun kunshin kaya daga gida kowane wata, ɗayan kuwa farar riga uku gare shi, kuma iyayensa ba su da intanet ɗin da za su kira shi. Idan kai ne mai samu, ka raba abin da ya zo ba tare da ka mai da shi abin nuni ba, kada kuma ka ja shi gidan abincin da kuɗinsa ba za su kai ba. Idan kun haɗu da 'yan ƙasarku, kada ku juya harshenku ku bar shi tsaye yana kallon ku. Idan kai ne marar samu, kada ka bari wannan ya sa ka ƙasƙantar da kanka, domin sau da yawa kai ne ka fi fahimtar rayuwar mutanen da kuke koyarwa. Hidima ma tana narkar da zuciya fiye da doguwar magana: ka goge masa takalmi ranar da ka goge naka, ka dafa abin da ya ishi mutum biyu.

Idan abokin aikinka ya fara karya ƙa'ida, ka fara yi masa magana kai tsaye cikin ƙauna. Idan bai ji ba, ko kuma abin ya shafi lafiyar wani, ko mu'amala da mace, ko ya bar ka kai kaɗai ya fita, to ka kira shugaban mishan nan take. Wannan ba tsegumi ba ne, domin rufa masa asiri a irin wannan hali cutar da shi ne.

Harshe

Komai ƙoƙarinka a cibiyar horo, ranar da ka sauka za ka ji kamar wani harshe dabam aka koya maka, saboda mutanen titi suna haɗiye kalmomi, suna sauri, suna da karin garinsu. Wannan ya sami kowa, kuma yakan ɗauki watanni kafin kunne ya buɗe. Ka riƙe ƙaramin littafin rubutu a aljihun riga, duk kalmar da ta wuce ka ka rubuta ta yadda ka ji ta, da dare ka nemi ma'anarta, washegari ka yi amfani da ita sau biyu ko uku. Ka roƙi 'yan ikilisiya su riƙa gyara maka, ka nuna musu cewa gyaran yana faranta maka rai, in ba haka ba ladabi zai hana su. Ka yi magana da abokin aikinka da harshen ƙasar ko a cikin gida, ko da ku biyun harshenku na asali ɗaya ne.

Horon da aka ba ka ya fi ƙarfi a kalmomin addini, don haka za ka iya bayyana tuba da baftisma alhali ba ka san yadda za ka tambayi mutum jikin mahaifiyarsa ko yadda kasuwa ta kasance ba. Ka cike wannan giɓi da gangan, domin mutum ba ya buɗe zuciyarsa ga wanda bai iya taya shi hirar rayuwarsa ba. Ka kula da matakan girmamawa, waɗanda suke da zurfi a Japananci da Koriyanci, suke kuma nan a Jamusanci da Sifaniyanci, inda kalmar da ake kiran aboki da ita ba ita ake kiran dattijo da ita ba. A ƙasashe da yawa kuma harshen da aka fi ji a ofisoshin gwamnati ba shi ne na cikin gida ba. A Paraguay za ka ji Guarani, a tsaunukan Peru da Bolibiya za ka ji Kecuwa da Aimara, a kudancin Filifin za ka ji Sebuwano. Ko gaisuwa da godiya kawai ka iya da harshen da tsohuwa ke yi wa jikokinta magana, za ka ga yadda fuskarta za ta sake.

Kai baƙo ne

Kusan duk kurakuran da ke zubar da mutuncin ɗan mishan a ƙasar waje suna fitowa ne daga mantawa da cewa shi baƙo ne. Ka lura da abin da masu gida ke yi kafin ka yi naka. A Japan da Koriya ta Kudu ba a shiga gida da takalmi, saboda haka safarka ta kasance mai tsabta marar huji. Abin da aka sa maka a gaba ka ci da godiya, ka tuna cewa a wasu gidajen naman da ke kwanonka shi ne wanda iyalin za su ci a makon. Kada ka kwatanta ƙasar da taku a gaban mutanenta, kada kuma ka ɗauki hoton talaucin wani ka aika gida don a yi mamaki, domin wanda ya buɗe maka ƙofarsa bai buɗe ta don a yi kallonsa ba.

Dokar lafiya ta ikilisiyar, wadda ta samo asali tun 1833, ta hana giya da taba da kofi da shayin ganyen shayi. A ƙasashen da shayi ko kofi ne abin tarbar baƙo, wannan yana buƙatar dabara. Kada ka bari sai an dafa an zuba an miƙo maka sannan ka ƙi, domin mai gida zai ji kunya. Tun kuna zama ka faɗa da fara'a cewa addininku ya hana ku shayi da kofi, amma ruwa zai wadatar. Abubuwan sha na gargajiya kuwa sun bambanta, misali abin shan sha'ir da ake yi a Japan da Koriya ba shi da ganyen shayi a cikinsa, saboda haka ka tambayi shugaban mishan a kan na yankinku tun makon farko.

Za a roƙe ka kuɗi, wani lokaci kuma mai roƙon yana cikin buƙata ta gaskiya. Ƙa'ida ta hana ka ba da rance ko kyautar kuɗi, ta kuma hana ka yi wa kowa alkawarin biza ko makaranta ko aiki a ƙasarku. Wannan yana da zafi a zuciya, amma dalilinsa mai ƙarfi ne: da zarar kuɗi ya shiga tsakani, kai da shi ba za ku ƙara sanin ko saƙon yake saurara ko aljihunka ba. Ka haɗa mabuƙaci da bishof ko shugaban reshe (ƙaramar majami'a) na wurin, wanda ke riƙe da sadakar azumi da aka tanada domin irin wannan. Abin da kai za ka iya bayarwa shi ne ƙarfinka, ta hanyar sa'o'in hidimar al'umma na kowane mako, ko share gida, ko ɗaukar kaya, ko koyar da Turanci kyauta inda mishan ke da irin wannan aji.

Ka nisanci zancen siyasa, ka kuma bi dokar ƙasa ko da ta takura aikin. A Rasha, bayan dokar 2016 da ta taƙaita wa'azi, an koma kiran matasan 'yan sa-kai, kuma ba sa wa'azi a titi. A babban yankin Sin ba a tura masu wa'azi sam. Inda kuma doka ta ba ka dama, mutuncin addinin wasu yana nan a wuyanka, domin ɗaya daga cikin ƙa'idojin bangaskiya goma sha uku da Joseph Smith, wanda ya kafa ikilisiyar, ya rubuta a 1842 ta ce a bar kowa ya yi sujada yadda ya ga dama. Wanda ya ce maka ba ya so, ka gode masa ka wuce ba tare da jayayya ba. Ba a yi wa yaro baftisma sai da yardar iyayensa, ba a yi wa mai aure sai da yardar abokin zamansa, kuma ba ku shiga gidan da mace take ita kaɗai sai da wani babban namiji tare da ku.

Game da koyarwa, tun 2004 aka daina haddace darussa kalma da kalma, aka koma ga bayyana su da bakin mai koyarwa gwargwadon buƙatar mai sauraro. Ka taƙaita, ka yi tambaya, ka saurara fiye da yadda kake magana, ka kuma tafi da ɗan ikilisiyar wurin duk lokacin da ya yiwu, saboda kai za ka tashi, shi kuwa yana nan. Kowane mako za ku ba da rahoton alƙaluma: sababbin mutanen da kuka fara koyarwa, waɗanda suka zo sujada, waɗanda aka yi wa baftisma. Alƙaluman suna taimakawa wajen tsari, amma ba su ne ma'aunin darajarka ba. Mai aiki a Jamus ko Japan yana iya yin dogon lokaci bai ga baftisma ɗaya ba, alhali takwaransa a Brazil ko Filifin yana gani a kai a kai, kuma wannan bai nuna wanda ya fi himma ba. Haɗarin da ke nan shi ne ka gaggauta mutumin da bai shirya ba don lambar mako ta yi kyau, bayan wata biyu a neme shi a rasa.

Ranar shiri, gida, da lafiya

Rana ɗaya a mako, galibi Litinin, ita ce ranar shiri, kuma tana ƙarewa da ƙarfe 6 na yamma, lokacin da za ku koma aiki. Ka fara da wanki da shara da cefane da aski kafin wasa ko ziyarar wuraren tarihi, domin idan ka juya tsarin za ka shiga Talata da rigar jiya. A ranar ce kuma za ka rubuta wa shugaban mishan wasiƙar mako, wadda ya kamata ta ƙunshi gaskiyar halin da kake ciki, ba abin da kake zaton yana son ji ba. A da, sau biyu kawai a shekara ake kiran gida, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata, amma tun watan Fabrairu na 2019 an yarda ɗan mishan ya kira iyalinsa ta waya ko bidiyo kowace ranar shiri. Wannan rahama ce, sai dai tana buƙatar awo. Idan ka lura cewa bayan kowane kira kana kwana biyu jikinka yana nan zuciyarka tana gida, ka rage tsawonsa, ka kuma cika shi da labarin mutanen da kake yi wa hidima maimakon bin diddigin duk abin da ya wuce ka. Wayar hannu da Facebook kayan aiki ne, kuma ana amfani da su ne inda abokin aiki zai ga fuskar wayar. Talabijin da fina-finai da soyayya da iyo duk an ajiye su sai bayan aikin.

Ranar Lahadi sujada awa biyu ce tun Janairu na 2019, kuma Lahadin farko na wata ana azumi, ana tsallake cin abinci sau biyu. A ƙaramin reshe za a iya neman ka yi kusan komai, amma duk abin da ɗan wurin zai iya yi, ka taimaka masa ya yi da kansa.

Jikinka shi ne abin hawanka, don haka ka sha ruwan da aka tace ko aka tafasa kawai inda mishan ya ce a yi haka, har wajen wanke baki. A yankin zazzaɓin cizon sauro ka sha maganin rigakafi kullum ba sai ka ji jiki ba, ka kuma kwana cikin gidan sauro. Ka sa hular kwano idan kuna hawa keke, kada ka cire batirin na'urar da ke gano iskar gas mai guba a ɗakinku, kuma idan ɓarawo ya tare ku ka miƙa masa abin da ya nema ba tare da gardama ba. Zazzaɓi ko gudawar da ta wuce yini ka sanar da ma'aikacin lafiya na mishan, kada ka yi ta maza.

Ciwon damuwa ma ciwo ne. Kewar gida a makonnin farko abu ne da kowa ke ji, kuma yakan lafa idan aka shagala da aiki. Amma idan baƙin ciki ya ƙi tafiya, barci ya ƙaurace, abinci ya fita ranka, ko tunanin cutar da kanka ya zo maka, ka gaya wa shugaban mishan ko matarsa a ranar, domin akwai ƙwararrun masu ba da shawara da aka tanada. Wannan ba raunin bangaskiya ba ne. Wanda rashin lafiya ya sa ya koma gida kafin wa'adinsa bai yi abin kunya ba, kuma wasu suna ƙarasa lokacinsu a aikin hidima suna kwana a gidajensu.

Kowane mako shida ake yin canjin wurare, kuma saƙon yakan zo kwanaki kaɗan kafin tafiya, saboda haka kayanka kada su wuce abin da za ka iya ɗauka kai kaɗai. Kafin ka bar unguwa, ka cika bayanan kowane mutum a manhajar waya da kuke adana bayanan aiki yadda wanda zai gaje ka zai gane: inda gidan yake idan babu lamba, lokacin da ake samun mai gidan, abin da kuka koya masa, tambayar da ta rage ba a amsa ba. Ka damƙa kowane sabon mai bi a hannun wani ɗan ikilisiya da ya san shi da suna, ka biya duk bashin da ke kanku a shagon unguwa, ka kuma bar ɗakin a share. Haka za ka yi a canji na ƙarshe ma, sai dai a wannan karon za ka yi ganawar sallama da shugaban mishan, ka hau jirgi da bajon sunanka a ƙirji, domin kana nan a matsayin ɗan mishan da dukan ƙa'idojinsa har sai shugaban gundumarku ya sallame ka a gida.